Reshen Auta

Bishiyar mangwaron gidanmu ɗaya ce, amma iri huɗu take haifa, kuma kowane iri da mai shi. Aikin Baba ne. Tun yana saurayi sana'arsa ke nan, auren itatuwa: ya yanko ɗan kan reshe daga bishiya mai 'ya'ya masu daɗi, ya tsaga jikin wata mai ƙarfin saiwa, ya cusa, ya ɗaure, su haɗe su zama jiki ɗaya. Masu lambuna har gida suke zuwa da mota su ɗauke shi. Ita uwar bishiyar tamu irin mangwaron nan ce mai zare, wanda in ka sha ɗaya sai ka wuni kana sakace. Baba ya ce saiwarta yake so, 'ya'yanta kuwa ta riƙe abinta.

Na Inna ya fara ɗaurawa, shekarar da aka kawo ta gidan. Daga bishiyar gidan mahaifinta ya yanko shi, gidan da yanzu an rushe an jera shaguna a wurin. Innarmu gajera ce, irin gajerun da sai sun taka kujera suke sauko da tukunya daga kan kanta, don haka ya sa mata nata ƙasa-ƙasa, inda za ta miƙa hannu ta tsinka ba sai da sanda ba. Nata ne ke fara nuna, dogo, rawaya, ba zare ko ɗaya. Da aka haifi Yaya Babba aka ɗaura masa nasa can sama. Ni ma da na zo aka ɗaura min, mai ɗan tsami, wanda Yaya Babba ke cewa ya bi halin mai shi. Na Auta ne na ƙarshe. Baba ya samo shi ne a wani lambu mai nisa da ya je aiki sau ɗaya bai sake komawa ba. Ƙanana ne 'ya'yansa, ƙamshinsu har titi, kuma ba ya nuna sai kowa ya gama nasa.

Reshen nan ya yi shekaru yana ganye kawai, ko fure babu. Inna kuwa mace ce da ta san labarin kowace bishiya. Ta hana mu zama gindin tsamiya da tsakar rana, wai masu wurin suna hutawa. Ta ce gawo fushi ya yi da damina, shi ya sa yake kakkaɓe ganyensa in ruwa ya sauka, sai rani ya yi kore shar don ya ba sauran itatuwa haushi. Ta kuma ce bishiyar da ta ƙi haihuwa tsoro ake ba ta. Wata safiya ta ɗauko gatari, ta taka turmi, ta ɗaga shi a kan reshen Auta tana faɗa kamar da mutum take.

"Kai, ci da sha ba aiki? Yau sai wuta!"

Ta riga ta shirya Yaya Babba. Ya ruga ya riƙe hannunta yana roƙo. "Inna ki yi haƙuri, ki ba shi shekara ɗaya, zai yi." Ta ɗan sassari ɓawon kaɗan, ta sauko tana huci. Shi Auta yana gefe yana kuka bilhaƙƙi, ya ɗauka da gaske ne. Baba ya yi dariya har da riƙe ciki. Shekarar da ta biyo baya reshen ya yi fure fal. Baba ya ce saran ɓawon ne ya tsayar da ruwan bishiyar a sama, abu ne da kowane mai lambu ya sani. Inna ta ce ya dai ji kunya ne. Ta ƙara da cewa abin ba ya yiwuwa sai mutum biyu, mai ɗaga gatari da mai riƙe hannu.

Bayan rasuwar Inna ne gidan ya canza. Ni ina gidan mijina a layin baya, Yaya Babba yana can wata unguwa da iyalinsa, aka bar Baba da Auta su biyu, masu taurin kai guda biyu a tsakar gida ɗaya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Baba yana so Auta ya karɓi wuƙar, ya gaji sana'ar, domin idonsa ya fara yin yana, ganinsa ya ragu. Auta kuma zuciyarsa ta riga ta tafi ƙasar waje neman aiki. Abin da suka ce wa juna a ranar daga baya na ji, rabi daga wannan, rabi daga wancan. Auta ya ce shi ba bishiya ba ne da zai mutu inda aka dasa shi. Baba ya ce in ya tsallake ƙofar nan kada ya dawo. Babu kowa a gidan sai su. Auta ya ɗauki jakarsa ya tsallake.

Yanzu ya kusa shekara goma. Yana aiki a wani katafaren ɗakin sanyi inda ake adana kaya, takardunsa ba su cika ba, in ya fito ba lallai ya iya komawa ba. Kullum bana, kullum baɗi.

Ni na mayar da ɗakin ƙofar gidan Baba shagon ɗinki, don in riƙa ganin motsinsa. Keken ɗinkina yana jikin taga, tagar tana kallon tsakar gida, ina ɗinki ina hango shi a kujerarsa gindin mangwaro, rediyo a cinya. Idon ya rufe kusan duka, inuwa kawai yake gani. Duk ƙarshen mako Auta yakan kira wayata. Ya gaishe ni da tsiya, "Yaya Tela, har yau kina ɓata wa mutane yadi?" Ya tambayi yarana, ya tambayi Yaya Babba. Sai muryarsa ta yi ƙasa.

"Baba fa?"

"Yana nan lafiya. In ba shi?"

"A'a, bar shi ya huta. Reshena fa?"

A nan hirar take daɗewa. Ya yi fure? Iska ta zubar? Jemagu sun bari? Na gane tuntuni cewa duk tambayar da ya kasa yi game da Baba, a kan reshen yake sauke ta. Shi ma Baba, da wayar ta yi ƙara sai ka ji rediyon ya yi ƙasa, wai batir ne ya yi sanyi. Ban taɓa ganin batirin da ke sanyi sau ɗaya a mako ba. Bai taɓa cewa a gaishe shi ba. Sunansa ma ba ya kamawa, sai dai "wancan". Amma in mangwaron Auta ya nuna, ba ya sha, ba ya bari a sayar. Sai ya ɗauki ɗaya ya riƙe a tafin hannu tun hantsi har azahar yana shinshinawa. Ina kewar ƙanena, kewa mai ciwo, amma ganin tsohon nan da mangwaro a hannu ya fi komai ƙona min rai.

Reshen Auta ya yi girma ya haura katanga, ya je ya kwanta wa wayar lantarki. Da iskar farkon damina ta taso, ya goge ta, tartsatsi ya tashi, layinmu gaba ɗaya ya kwana biyu ba wuta. Sai ga ma'aikatan lantarki sun zo sun shafa masa jan fenti. Na fita na yi musu masifa iya ƙarfina, shugabansu ya tsaya ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni da me kekena yake aiki. Gaskiyarsu ce, da wayar nan nake cin abinci.

Na shiga na gaya wa Baba. Na ce ya fito ya nuna musu inda za su tsaya, tunda shi ya san bishiyarsa.

"Su sare," ya ce. "Itace ne."

"Baba, na Auta ne fa."

"Na ce itace ne, Uwata."

Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa yake kirana haka. In ya kira shi da wannan muryar, magana ta ƙare.

Da safe suka zo da doguwar mota da tsani da zarto mai inji. Na kira Yaya Babba ya zo. Mai saran ya hau ya sa zartonsa inda ya fi masa sauƙi, can kusa da gindin reshen, ta cikin katanga. Mu dai muna kallo, babu wanda ya san inda ɗaurin yake a cikinmu, ɓawo ya daɗe da rufe shi. Baba yana kujerarsa, bai motsa ba, rediyon a kashe. Da reshen ya faɗo kan titi sai da ƙasa ta amsa. Rana ta faɗo tsakar gidan a wurin da ban taɓa ganin rana ba tun da na yi wayo, ta sauka daidai kan reshen Inna, wanda dama a ƙarƙashin na Auta yake.

"Nawa suka bari?" in ji Baba.

Yaya Babba ya ɗaga kai ya duba. "Kamar kamu ɗaya. Kada ka damu Baba, mangwaro ne, kafin damina ta fita ya toho."

"Zai toho. Amma ba nasa ba."

"Kamar yaya?"

"Ɗaurin yana gaba da nan sosai. Sun yanke ƙasa da shi. Abin da zai fito a kututturen nan na uwar ne, mai zare."

Raina ya ɓaci, na kasa riƙe bakina. "To Baba ai da ka faɗa jiya!"

A waje ma'aikatan sun fara daddatsa reshen, maƙwabciyarmu mai wanki da guga tana tambaya ko za a bar mata itacen. Sai na ga Baba ya dafa hannun kujera ya miƙe. Mutumin da sai an riƙe shi yake kaiwa ƙofa, ya bi bango da kansa har titi.

"Ku dakata," ya ce musu. "Kada a taɓa kan."

Ya tsuguna cikin ganyen yana lalube. Yatsunsa suna bin ƙarshen rassan ɗaya bayan ɗaya, ya taɓa ya saki, ya taɓa ya saki. Masu kaurin fensir yake nema, waɗanda idon tohonsu ya kumbura bai fashe ba. Sa'ar da aka yi, na Auta bai daɗe da gama 'ya'ya ba, yana hutawa, bai fara sabon toho ba. Ya ce in ɗauko masa wuƙarsa a ƙarƙashin matashi. Ashe duk shekarun nan a nan take kwana. Ya yanko guda uku, ya tsige ganyen, ya ce in jiƙo ƙyalle in naɗe su.

"Yau za a ɗaura su," ya ce. "Gobe in an yi sa'a. Daga nan itacen girki ne."

Yaya Babba mutum ne mai son a gama magana. Ya ce ga masu sayar da dashe nan a bakin babban titi, ya je ya sayo 'yar bishiya a leda, a ɗaura a kai, a dasa a bayan gida.

"A bayan gida," in ji Baba. "Kowa yana jikin bishiyar nan, shi a kai shi bayan gida."

"To a sa a nawa."

"Naka yana sama, na Uwata yana sama. Ni zan hau ko kai za ka yanka?"

"A kira wani mai sana'ar."

"Hannun wani bai taɓa aurar da bishiyar nan ba."

Yaya Babba ya kalle ni, na kalle shi. Ya ce shi yana da aiki, in an yanke shawara a kira shi. Ban ga laifinsa ba. Baba ya koma kujerarsa da ƙyallen a cinya, ya ƙi abincin rana. Ni na koma kan keke na ɗinka hannun riga a baibai, na farke, na sake yi a baibai.

Bayan la'asar rana ta yi sanyi, ya kira ni.

"Uwata, ɗauko min ƙaramin zarto. Da ledar nan mai laushi da kike rufe kaya, ki yanko ta siriri, dogaye."

Na kawo. Na ɗauka ya haƙura da zancen Yaya Babba ne. Sai na ga ya miƙe, ya miƙa hannu, ya kama reshen Inna. Bai lalube shi ba, hannunsa ya san wurin. Reshen ya kai kaurin damtsen mutum, da yake a inuwa ya tashi bai yi ƙiba ba, kuma ya riga ya gama 'ya'ya tuntuni ya cika da sabon toho, jajaye, masu laushi kamar kunnen jariri. Ya auna taƙi ɗaya gaba da tsohon ɗaurin, ya ɗora zarton.

Ban san lokacin da na riƙe hannunsa ba.

"Baba! Na Inna ne!"

"Na sani. Ni na ɗaura shi."

"Babu irinsa ko'ina, gidan Kaka an rushe. Ka sa na Auta a gefe ɗaya, ka bar nata."

"Reshe ɗaya ba ya ciyar da biyu. Nata tsoho ne mai ƙarfi, zai shanye ruwan, wannan ya bushe."

"To mu yanki nata ma mu ajiye, mu kai wani wurin."

"Taɓa ki ji." Ya kama yatsana ya ɗora kan tohon. "Ɗanye ne. Yana cikin toho, ba zai kama ba ko wa ya ɗaura."

Kuka ya zo min. Shekara da shekaru, duk farkon zafi, ni nake tsinkar na farko a reshen nan, a tsaye a inda take tsayawa. Shi kaɗai ne abin da ya rage nata mai rai a gidan. Na ƙara ƙanƙame hannunsa, na ji kaina ina faɗin abin da Yaya Babba ya faɗa yana yaro. "Ka yi haƙuri Baba, ka bar shi."

Ya tsaya, zarton yana kan ɓawo.

"Kin riƙe da kyau," ya ce. "Amma wannan ba na tsoratarwa ba ne. Na tsoratarwar na yi shi tuni, ranar da wancan ya ɗauki jaka. Na ɗaga gatari ina jiran a riƙe min hannu, na manta mai riƙewar ba ta nan."

Ban taɓa jin ya yi zancen ranar haka ba sai yau.

"Innarku ba za ta dawo ta tsinka ba, Uwata. Shi mai yiwuwa ne. Da tana nan, da ita za ta miƙo min zarton. Sake ni, rana tana tafiya."

Na sake shi. Ni na tallafi reshen don kada ya tsage ɓawon in zai faɗi. Da ya rabu, nauyinsa ya zo hannuna gaba ɗaya, na kwantar da shi a ƙasa a hankali.

Baba ya goge bakin kututturen da wuƙa har ya yi sumul. Ya tsaga ɓawon wuri uku, ya ɗan ɗaga shi. Ya ciro na Auta daga ƙyalle, ya fere gindin kowanne da jan wuƙa ɗaya, ba maimaici. Nan ne ya tsaya. Hannu ya iya yanka, amma haɗa kore da kore aikin ido ne.

"Zo ki zama idona. A ƙarƙashin ɓawo akwai wani siririn kore. Na wannan da na wancan sai sun kwanta kan juna, in ba haka ba an yi aikin banza. Ke da kike haɗa bakin yadi, wannan ba zai gagare ki ba."

Tun ina yarinya nake roƙonsa ya bar ni in taɓa aikin nan yana korata. Yau ga shi, ina yi ina share hawaye da kafaɗa. Na cusa, na daidaita, ya bi da yatsa ya ce in ɗan matsa hagu. Muka naɗe da leda tam, daga ƙasa zuwa sama, don kada ruwa ya shiga. Ya kifa musu wata ledar a kai saboda iska.

"Ta jikinta zai sha," ya ce, yana shafa ɗan taƙin da ya rage na Inna. "Amma ki sa ido. Za ta yi ta ƙoƙarin fitowa. Duk tohon da kika gani a ƙasa da ɗaurin, ki murje shi da yatsa tun yana ƙarami."

"Ni?"

"Ni ba na gani." Ya mayar da wuƙar kube. "Kuma kada ki gaya wa wancan an ɗaura. Ba a sa wa mutum rai a kan abin da bai kama ba."

Na ɗebi kan reshen Inna na sa a bokitin ruwa a shago, duk da na san mangwaro ba ya saiwa a haka. Ya yi kwanaki yana kallona, sannan ya yanƙwane.

Ƙarshen mako Auta ya kira. Bayan tsiyar da ya saba, ya zo kan tambayarsa. Na ce masu lantarki sun sare shi. Na ce ya taɓa waya ne. Ina jin ƙarar injinan wurin aikinsa.

"Baba yana nan aka sare?"

"Yana nan."

"Bai ce komai ba?"

Maganar tana bakina, na waiga na ga Baba ya juyo da fuskarsa wajen taga. Na haɗiye ta.

"To," in ji Auta. "Dama shi kaɗai ya rage min a gidan. Sai an jima, Yaya."

Bai ce Tela ba. Makon da ya biyo baya bai kira ba, na bayansa ma haka. Na kira bai ɗauka ba. Baba bai tambaya ba, amma duk ƙarshen mako rediyon a kashe yake wuni, ba ma zancen batir.

Ni kuma kowace safiya kafin in buɗe shago sai na je gindin bishiyar. Kamar yadda ya faɗa, Inna ta yi ta fitowa. 'Yan jajayen idanu su ɓullo a jikin ɓawon, in sa babban yatsa in murje. Ƙamshin mangwaronta yakan zauna a yatsana har azahar, ina ɗinki ina jin sa. Akwai safiyar da na tsaya na kasa, na ce bari in bar wannan ɗaya tak, wa zai sani. Na duba cikin leda na ga ɗaya daga cikin na Auta ya riga ya yi baƙi. Na murje. Bayan ɗan lokaci na biyun ma ya bushe. Ita ma Inna fitowarta ta ragu, daga baya ta daina.

Saura ɗaya. Bai yi baƙi ba, bai yi toho ba, yana nan dai kamar mai shi, ba ya cewa e, ba ya cewa a'a. Baba kullum sai ya sa na kai hannunsa ya taɓa ta saman leda. Har na fara fid da rai.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, na leƙa na ga idon ya fashe. 'Yan ganye jajaye guda huɗu, a dunƙule, suna tura leda. Na ƙwala wa Baba kira har mai wanki da guga ta leƙo ta katanga ta ɗauka wani abin ne ya faru. Ya zo ya cire ledar da kansa, ya taɓa ganyen da bayan yatsa, ya kai yatsan hanci.

"Nasa ne," ya ce. "Ya kama."

Ban nemi izini ba. Na ja baya na ɗauki hoton, na tabbatar bangon ɗakin girki da tsohon turmin Inna sun fito a ciki, na tura ba tare da rubuta komai ba. Ko zama kan keke ban yi ba wayar ta yi ƙara.

"Yaya Tela, mene ne wannan?"

"Reshenka ne. Baba ya ɗaura tun ranar da aka sare."

"Baba? Da wane idon?"

"Da nawa."

Na san hoton yake sake dubawa.

"Wannan ai wurin reshen Inna ne."

"Shi ne."

"Ina nata?"

"Yana ƙarƙashin naka."

Can wani ya yi wa Auta magana da wani yare, bai amsa ba. Na tsaya riƙe da waya a tsakar gida, rana tana dukana ta gurbin tsohon reshensa.

"Ba ni Baba," ya ce.

Na sa wayar a hannun Baba, na gyara masa ita saboda a juye ya riƙe ta. Na ƙara sautinta yadda zai ji. Na fara tsoron layin zai katse kafin ɗayansu ya sauke girman kai.

"Baba, ina wuni." Da safe ne a wurinmu, amma babu wanda ya gyara masa.

"Lafiya, Auta." Ya yi gyaran murya. "Na sa maka shi ƙasa. Ba sai da sanda ba."

"Na gani, Baba." Kuka yake yi sosai, irin na ranar gatari. "Yaushe zai yi 'ya'ya?"

"Shekara biyu, in Allah ya so. Uwar tana da ƙarfi."

"To kada kowa ya tsinki na farko. Ku bar min shi a jiki, ni zan tsinka."

Baba ya miƙa ɗaya hannun ya dafa kututturen, daidai inda ledar ta ƙare.

"Ni ba zan bari a taɓa ba," ya ce. "Amma ka sani, mangwaro ba ya jiran mutum. In ya nuna, faɗowa yake."

Ya miƙo min wayar, ya ce in matso masa da kujerarsa kusa da reshen. Na matso da ita.